Digiri Ɗari da Hamsin Zuwa Sujada

 

A babban hutun makaranta na shekarar 2022, wani abokina da muka yi jami'a tare ya nemi in taya shi aikin bincikensa na digiri na biyu a fannin gashin ƙashi. Sai na bar ɗalibaina na Islamiyya a Miga, na bi ta Jahun zuwa Kano, na yi mako shida ina zirga-zirga a Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe tun 1959. Aikina ba mai yawa ba ne: in karanta wa marasa lafiya tambayoyi da Hausa, in rubuta amsoshinsu, in kuma shigar da lambobi cikin kwamfuta da yamma.

Lambobin nan daga wani ɗan ma'auni suke fitowa, mai hannu biyu kamar almakashi, wanda ake ɗorawa a gefen gwiwa don a ga iyakar lanƙwasuwarta. A nan na koyi cewa tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tana buƙatar digiri 60 da 'yan kai, zama a kujera kusan 90, amma zaman tahiya, inda cinya ke haɗuwa da sha-raɓa, sai gwiwa ta kai wajen 150. Shekaru nawa na yi ina sallah ban taɓa sanin gwiwata na biyan wannan kuɗi sau biyar kullum ba! Na sha karantar da hadisin Nana A'isha (RA) da ke cikin Sahihu Muslim a kan gaɓoɓi 360 da aka halicci ɗan Adam da su, amma a bakina kawai adadin yake.

A mako na biyu na haɗu da wani dattijo, masunci daga wani ƙauye na bakin Kogin Haɗeja, kusa da mu. Babur ne ya kayar da shi ya karye a cinya. An fara kai shi wurin mai ɗori, ƙashin bai haɗu daidai ba, sai bayan watanni aka kawo shi asibiti aka yi masa aiki. Ƙashi ya warke, amma gwiwa ta sandare a digiri 70. Da ya ji daga inda na fito, kuma ya ji malami ne ni, sai ya jira abokina ya fita, ya yi ƙasa da murya.

"Malam, wata tara ke nan goshina bai taɓa ƙasa ba."

Nan take bakina ya kama karatu kamar ina gaban aji. Na kawo masa halaye bakwai na sallar farilla da Ahalari ya jera, daga tsayuwa ba jingina har zuwa kwanciya rigingine. Na ambaci Imrana ɗan Husaini (RA), wanda Annabi (SAW) ya yi wa sauƙin yin sallah a zaune ko a kishingiɗe saboda larura. Na ce, "Baba, sallarka ta inganta, ladanka cikakke ne insha Allahu."

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, na san ya halatta. Limaminmu ya faɗa mini tun tuni. Ba hukunci nake tambaya ba. Kewarta nake yi."

Wallahi na rasa abin cewa. Na yi Ahalari, na yi Iziyya, na yi Risala, na je jami'a na yi Larabci, amma ban zo da amsar wannan ba. Kuma abin da ya fi ba ni kunya shi ne, a asubar ranar ma sujadata irin ta tsattsagar kaza ce, don ina saurin kada in rasa mota.

Na faɗa wa abokina. Takardar tambayoyinsa tana tambayar hawa bene da shiga mota, babu ko layi ɗaya a kan sallah. Bai iya canza ta ba, domin an riga an amince da ita a haka, amma ya canza yadda yake magana da dattijon. Ya daina ce masa "ka daure ka motsa ƙafa", ya koma nuna masa ma'aunin: ga inda kake, ga inda sujada take. Mutumin da a da yake kauce wa atisaye saboda zafi, sai ga shi yana riga mu isa ɗakin. Yana cije leɓe, zufa na tsatstsafo masa, yana tambaya, "Yau nawa?" Ni ke rubutawa: 78, sai 85, sai 96. Abokina ya gaya mini a keɓe cewa a shekarunsa da wuya ya kai 150. Shi ma ya gaya masa gaskiyar, bai ɓoye ba. Dattijon ya ce a dai ci gaba.

A watan Satumba ruwa ya sauko. Ambaliyar wannan shekarar ta cinye gonakin shinkafa da gidaje a yankinmu, saƙo ya zo masa cewa ɗakinsa ya faɗi kuma iyalinsa suna kwana a makarantar firamare. Ya tattara kayansa ya tafi, saura zama huɗu a cikin jadawalinsa. Lamba ta ƙarshe da na rubuta a gaban sunansa ita ce 108.

Da na koma Miga na tambayi masunta biyu a kasuwa, suka ce mutanen ƙauyen sun watsu, wasu ba su dawo ba. Duk ranar da karatu ya kawo mu babin sallar mara lafiya, nakan sa yara su zauna zaman tahiya su dafa gwiwoyinsu, sannan in ba su labarinsa. Suna tambayata ko ya samu ya yi sujadar. Allah Ya sa ya samu.

Wassalamu alaikum.