Gajeren Mutum Da Sirdin Kekensa

Duk wanda ya san ni ya san Allah bai ba ni tsawo ba. Mita ɗaya da santimita 58 nake, kuma ƙafafuna ne suka fi gajarta, don idan muna zaune a kan tabarma ba mai cewa ni gajere ne sai mun miƙe. In ban da rubutu a saman allo, abin bai taɓa damuna ba sai da na sayi keke.

Makarantar da nake koyarwa tana bayan garin Ngaundere, tafiyar kilomita 9 daga gidana, a kan hanyar jar ƙasa mai hawa da gangara wadda damina ke zaizayewa kowace shekara. Da kuɗin hayar babur ya fi ƙarfin albashina, sai na sayi keken gwanjo irin na hawan duwatsu, wanda masu Faransanci ke kira VTT. Nan da nan na gane cewa sirdi ɗaya ba ya yi mini aiki biyu. Idan na ɗaga shi yadda ƙafata za ta miƙe a kan feda, hawa ya yi sauƙi, amma a gangara sai in zama kamar wanda aka ɗora a kan raƙumi, ƙafa ba ta kai ƙasa. Idan kuma na sauke shi, gangara ta yi daɗi, amma kafin in gama hawan farko gwiwoyina sun ɗauki zafi. A watan Oktoba na 2023 na shiga wata gangara bayan ruwan dare da sirdi a sama, tayar gaba ta faɗa rami, na nemi ƙasa da ƙafa ban samu ba. Na tashi da targaɗe a hannu, littattafan yara 54 da na kwana ina dubawa suna cikin taɓo.

Ɗan ƙanwata da ke aiki a Duwala shi ya ce mini, "Kawu, ai akwai maganin wannan." Wata sandar sirdi ce da Turawa ke kira dropper, mu ce mai nutsewa. Aikinta kamar na kujerar ofis ne: ka danna wani ɗan hannu kana zaune, nauyinka ya nutsar da sirdin, ka sake dannawa ka ɗaga jikinka, iskar da ke ciki ta maido shi inda yake, duk kana tafe ba ka tsaya ba. Dabarar ta daɗe. Tun 1984 wani Ba'amurke mai suna Joe Breeze da abokinsa suka fito da wani ƙarfe mai tsalle, Hite-Rite, don wannan aikin, a 2010 kuma kamfanin RockShox ya fito da Reverb, wadda ta sa abin ya yaɗu. Har a 2022 Matej Mohoric na ƙasar Silobeniya ya ci tseren Milan zuwa San Remo da irin wannan sanda a kekensa, don a gangarar ƙarshe ya tsere wa 'yan uwansa.

To, a nan ne kwaɗayi ya zama mabuɗin wahala. Yaron ya samo guda biyu a wurin masu kayan gwanjo, ɗaya tana nutsewa milimita 100, ɗaya 150, kuɗinsu kusan ɗaya. Na ce a ba ni mai yawan. Kaurinta kaɗai muka duba, milimita 30.9, daidai da bututun kekena. Na aika da jaka 45, aka sako ta a jirgin ƙasa.

Mai gyaran keken unguwarmu ya zura ta har wuya, na hau, sai ga ƙafata tana lilo, da ƙyar yatsuna ke taɓa feda. Ya dube ni ya dubi sandar, ya ce, "Malam, wannan ta dogaye ce." Na ce a yanke ta. Ya ce ba a yanke ta, don cikinta iska ce da mai. Uwargida ba ta ce kome ba a ranar, sai da dare ta tambaye ni buhun masara nawa jaka 45 ke saye. Mai kayan kuwa ya ce abin da ya fita ya fita.

Abin kunya shi ne ni ke koya wa yara awo a aji, amma ban auna ƙafata ba. Washegari na ari awon tela, na jingina da bango ba takalmi, na matse littafi a tsakanin cinyoyina, 'yata ta auna daga ƙasa zuwa bakin littafin: santimita 72. Akwai wani lissafi da ake dangantawa da Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci tseren zagaya Faransa sau uku, wato a ninka wannan tsawo da 0.883. Ya ba ni 63.6, tazarar da ta kamata tsakanin tsakiyar inda feda ke juyawa da saman sirdi. Bututun kekena ya cinye 43, kaurin sirdin kansa ya cinye huɗu da rabi, abin da ya rage wa sanda santimita 16 ne kacal. Ita kuwa wannan sanda, ban da abin da take nutsewa, tana da wuya da kai waɗanda ba sa shiga bututu, nata sun kai biyar da rabi. Wato mai 150 tana bukatar 20 da rabi. Ko mai 125 ta fi ƙarfina. Wadda na raina, mai 100, ita ce tawa.

Akwai awo na biyu da gajere ba zai tsallake ba. Dogo yana barin rabin sandarsa a waje, mu kuwa dole kusan dukkanta ta shige ciki, alhali ƙananan kekuna bututunsu gajere ne, wani ma a lanƙwashe. Na zura sandar tsintsiya a nawa, ta tsaya a santimita 20, inda notin maƙala gorar ruwa ya tokare. Saboda haka irin waɗanda wayarsu ke shiga ta gindi ba za su yi mini ba, don abin da ke jan wayar yana ƙara musu tsawo, kekena kuma ba shi da ramin wayar ma. Kamfanoni irin su OneUp da PNW suna yin waɗanda ake iya rage musu nutsewa da kaɗan-kaɗan har su dace da mai su, amma sababbi ne, kuɗinsu ya fi na keken gaba ɗaya.

Mai 100 ɗin nan an riga an sayar. Wata huɗu yaron yana zagaya masu gwanjo da takardar awona a aljihu, har ya gaji da ni. Daga ƙarshe ya samo wata mai tsawon santimita 35 duka-duka, hannunta a ƙarƙashin sirdi, ba ruwanta da waya. Kaurinta 27.2 ne, ta yi wa bututuna kaɗan, amma wannan da sauƙi: siririya ana sa mata riga ta ƙarfe ta cika bututu, mai kauri ce ba ta da dabara. Santimita 16 a waje, 19 a ciki, saura ɗaya ta taɓa notin.

Aibinta shi ne sai na saki hannu ɗaya kafin in danna, don haka tun kafin bakin gangara nake sauke ta. Ƙurar hunturu ma tana sa ta nauyin tashi, sai na riƙa goge ta da tsumma kowace Asabar. Amma yanzu ina shiga gangarar nan da ta kā da ni, sirdi a ƙasa, jikina a baya, in na ga rami in dire ƙafafu biyu. Yaran ajina sun gano hannun, ana fita tara sai su yi layi suna dannawa, har na koma ajiye keken a ofishin shugaban makaranta.

Doguwar sandar kuwa tana wurin malamin lissafinmu, wani dogon Bafulatani, ta zauna masa kamar don shi aka ƙera ta. Mun yi ciniki a kan jaka 30, ya ba ni 10, sauran ya ce sai an yi albashi.