Abin Da Na Gani A Gefen Hanyar Jirgin Ringim

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in gaya wa 'yan'uwana masu karatu abin da na gani a wata tafiya, da shawarar da ta zo mini a kai.

Ni akawu ne a Dutse. Da na sami hutu bayan kaka, sai na yi niyyar zuwa Ringim in gai da wani abokina, kuma a kan keke, gama kuɗin mota ya fi ƙarfin aljihun akawu in wata ya yi nisa. Na bi ta Kiyawa, na kwana Jahun, gari ya waye na kama hanyar Gujungu. Daga nan ne na san mai keke ba shi da rabo a kwalta. Sau uku manyan motoci suna kora ni cikin rairayi, a na ukun na faɗi, gwiwa ta ƙuje, taya ta kwashi ƙaya. Ban ga laifin direba ƙwarai ba, hanyar ce ba ta ishe mu mu biyu ba.

A Taura na tsaya wurin wani mai faci. Da ya ga gwiwata sai ya ce, "Malam, me ya kai ka kwalta? Ai mu gefen dogo muke bi." Ya nuna mini, na bi.

To, jama'a, wannan ita ce hanyar jirgin da ta tashi daga Kano zuwa Nguru, wajen mil 140, wadda aka gama a 1930 domin kwasar gyaɗa. Yau tafiyar jirgi a kanta ta yi ƙaranci, kwana uku na yi a Ringim ban ji kukansa ba. Amma hanyar ba ta rasa masu bi ba. Sawun mutane ya fid da 'yar turba a gefen ƙarfen. Na gamu da 'yan makaranta, da mata masu tallan nono, da wani dattijo mai jaki biyu, kowa na tafiya hankalinsa kwance, ba mai waiwaye. Dalilin daɗinta kuwa shi ne jirgi ba ya iya hawan tudu mai tsayi, saboda haka masu ginin suka sare tudu, suka cike kwari. Har wa yau sun ɗaga ta sama, ga shi kuwa ƙasar Ringim kowa ya san halin Kogin Haɗeja da damina. Aibinta tsidau da tsakuwa, da kuma bakin kadarko, inda tilas mutum ya sauka ya saɓa kekensa.

Abin ya tuna mini da ƙasar Zazzau, inda na yi karatu a makarantar Mishan. Can ma an yi wata hanyar jirgi, 'yar siririya, faɗinta ƙafa 2 da inci 6, daga Zariya ta bi Soba da Dutsen Wai da Rahama ta hau Jos, ta kai Bukuru a 1914. Domin kuza aka yi ta. Kakana ya shiga jirgin, yakan ce in ya zo hawan dutse mai sauri a ƙasa yana iya jerawa da shi. A 1927 babbar hanya ta iso Jos daga Kafanchan, ƙaramar ta fara rasa kaya, a 1957 aka rufe ta. Wanda ke son ganin jirgin yau sai ya je Jos inda aka ajiye shi don kallo. Mai ƙafa da mai keke ba su gaji kome ba.

A Ingila kuwa, da aka bar hanyar jirgin da ke tsakanin Biristol da Bat, mutane suka taru, da yawansu aikin sa kai, suka mai da ita hanyar masu ƙafa da masu keke, mil 13, daga 1979 zuwa 1986. Mota ba ta hawa. Ma'aikata suna binta zuwa aiki, yara zuwa makaranta.

Kada wani ya ce ina so a tumɓuke ƙarfen Nguru. A'a, ni ma ina fatan jirgi ya yawaita, balle tun da aka aza harsashin hanyar Kano zuwa Maraɗi a 2021 aka ce reshenta zai zo mana Dutse. Abin da nake roƙo shi ne, filin nan da aka bari dama da hagun ƙarfe kada a ƙyale shi ya tafi kaɗan kaɗan. Na ga inda kunya ta matso har gindin tsakuwa, na ga inda aka kafa rumfa. In mutum ɗaya ya gina katanga a tsakiya, ya yanke mil goma ke nan, kuma fid da shi sai an sha shari'a.

Da shugabanninmu za su nemi yardar masu reluwe, a auna taku kaɗan nesa da ƙarfe, a share, a zuba jar ƙasa, a dasa maina a jere, a fara daga Taura zuwa Ringim a gani. Aikin gayya ma ya isa rabinsa, in an sa masu unguwanni a ciki. Ina kuma so malaman Gagarawa da Malam Madori su rubuto su gaya mana yadda tasu hanyar take.

Naka,
Wani Akawu, Dutse.