Suna Linzami Ne, Har a Wajen Kwamfuta

A Zagga, ko yaro ya ji an ce Sarkin Noma, Sarkin Pawa ko Sarkin Kasuwa, ba sai an yi masa bayani ba. Kalmar farko muƙami ce, ta biyu sana'a. Ko bai taɓa jin Sarkin Maƙera ba, ranar da ya ji zai gane wanda ake nufi. Irin wannan tsari muka tarar a jami'a, mu da muke koyon gina shafukan intanet.

Mai gina shafi ba ya faro komai daga tushe. Akwai kayan aikin da aka riga aka harhaɗa, irin su Laravel da Taylor Otwell ya fitar a 2011. Ba da danna hoto ake sarrafa shi ba, sai dai a rubuta masa umarni a baƙin allo. Umarnin suna da yawa, amma galibin sunayensu kashi biyu ne da ɗigo biyu a tsakani: na farko sunan gida, na biyu ɗan gidan. Duk abin da za a ƙirƙira yana gidan make, kamar make:model da make:controller. Wanda ya san cache:clear yana share ajiyar wucin gadi, zai iya cankar view:clear da route:clear ba tare da an koya masa ba.

Wannan canka tana da daraja a wurinmu. Idan muka dawo hutu ƙasar Bagudo, data tana da tsada, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, Turancin kuma ba da shi muka tashi ba. Ƙa'ida ɗaya da muka riƙe ta fi mana sunaye hamsin da sai mun hau intanet mun nemo.

Manya ma sun sha wahalar rashin tsari. Masu aiki da Ruby on Rails sun daɗe suna haddace wane umarni ne ke farawa da rake, wane ne da rails, har sai da fitowa ta 5 ta zo a 2016 ta ba da damar kiran su duka da rails.

Sai dai zama gida ɗaya ba ya sa hali ya zo ɗaya. Umarnin migrate:status dubawa kawai yake yi, amma migrate:fresh rushe dukkan teburan bayanai yake yi ya sake gina su wayam. Idan sakamakon jarrabawar makaranta ne a ciki, ya tafi ke nan. Shi ya sa muke ƙara help kafin umarnin da muka canka, mu karanta aikinsa tukuna.

Ƙannenmu, ba sai kun mallaki kwamfuta za ku fara ba. Hotunan darasin da ke wayarku ko ta gida, ku daina sa musu "sabo" da "sabo na biyu". Ku zaɓi tsari ɗaya, darasi, aji, zango: lissafi-ss2-zango1, hausa-ss2-zango1. Ku riƙe shi har ƙarshen shekara, sannan ku miƙa wa aboki wayar ku ga ko zai gano darasin Turanci ba tare da ya tambaye ku ba.