Jajen Kawu a Sakkwato

Direbobin da ke ɗaukar hanyar Zariya zuwa Sakkwato lissafinsu ɗaya ne yanzu: a ratsa tsakanin Funtuwa da Gusau rana na tsaka, a sauke fasinja kafin a kira magariba. Namu ma haka ya yi. Da muka doshi 'Yankara da Tsafe hira ta mutu a motar, wata dattijuwa da ke gefena ta ciro carbi, direba ya kashe rediyo ya taka mota, ba ya sassautawa sai a shingen sojoji. Sai da dutsen Kwatarkwashi ya bayyana sannan wani ya iya tambayar ko akwai mai ruwan sha. A Gusau muka yi azahar. Daga nan Bunguɗu, Maru, Talatar Mafara, Tureta, Dange da Shuni, gonakin gero dama da hagu, wasu an girbe an jera dammuna, wasu ciyawa ta cinye saboda masu su sun gudu.

Jaje ne ya kai ni. Ƙanin mahaifiyata, mai sayar da shadda da atamfa a Babbar Kasuwa, 'yan fashi suka haura masa gida da tsakar dare a wata sabuwar unguwa ta bayan gari, inda gidaje ke tsilla-tsilla tsakanin kangwaye. Kafin in zauna ya kama hannuna ya zagaya da ni bayan ɗaki. Ƙarfen tagar yana nan a banƙare, sanduna biyu sun buɗe daidai yadda siririn mutum zai shige, kuma maƙerin da ya duba ya ce da jak ɗin mota aka yi aikin. Da kawu ya cire hula na ga ɗinkin saran adda daga saman kunne har kusa da ƙeya, gashi bai gama rufe shi ba. Sun kwashe cinikin kwanaki, da wayoyi, da babur, da 'yan kunnen matarsa. Autarsu, wadda ta daɗe da daina fitsarin kwance, ta koma yi tun daga daren.

"Ɗana, dukiya ta tahi, Allah shi maida alheri," in ji shi. "Abin da ka damuna, sun san ɗakin da nika aje kuɗɗi."

Bayan isha'i aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, maƙwabta suka taru. Zancen bai yi nisa ba ya faɗa kan baƙi. Wani ɗan kabu-kabu ya ce tunda aka bar iyaka a buɗe gari ya lalace, kowane kango ka leƙa sai ka tarar da fuskokin da ba ka sani ba, kuma ɗaya daga cikin ɓarayin ya naɗe fuska da rawani. A nan na ji abin da aka yi washegarin fashin. Matasan unguwa sun kori 'yan ga-ruwan da ke kwana a wani kango, mutanen Nijar da suka shekara suna tura kura a layin. Buzun da ke gadin layin kuwa, wanda aka tarar ɗaure da igiya a bakin rumfarsa, shi aka fara tafiya da shi, sai da kawu ya taso daga gadon asibiti ya tsaya masa sannan aka sake shi.

Ba zan raina tsoron mutanen Sakkwato ba, domin yana da tushe. A watan Nuwamban 2024 hedikwatar tsaro ta ƙasa ta fito ta tabbatar da Lakurawa, masu ɗauke da makamai da suka shigo ta ɓangaren Mali da Nijar suka yi sansani a dazukan Tangaza da Gudu, suna karɓar zakka da ƙarfin bindiga, suna kora shanun mutane. A watan ne suka kashe mutum 15 a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a jihar Kebbi, kuma a Janairun 2025 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda. Makaman da suka watsu a Sahel bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 ta irin waɗannan iyakoki suke gangarowa. Amma har labarin Lakurawan yana da ɓangaren da ba a son faɗa: shekaru kafin a san sunansu a Abuja, wasu daga cikin mutanen yankin ne suka karɓe su da fatan za su kare su daga 'yan bindigar Zamfara. Shi kuwa Bello Turji, wanda ya hana Isa da Sabon Birni barci, ɗan ƙasar Shinkafi ne, an san gidansu, an san danginsa.

Wani dattijo a majalisar, tsohon magatakardan kotu, ya bari kowa ya gama sannan ya tambayi ɗan kabu-kabun: "Kai yaro, su wa aka kama da wayar Alhaji?" Kowa ya sani. Samari biyu ne, kuma ɗayansu yana cikin leburorin da suka yi wa katangar kawu filasta. Dattijon ya ce da ɗan gari akan ci gari, ya ɗauki sandarsa ya yi mana sai da safe.

Shi na bi washegari, domin ina son in ji inda shari'ar ta kwana. Ya ce tana inda irinta ke kwana a ko'ina a ƙasar nan. 'Yan sanda kan kai wanda ake zargi da fashi gaban majistare, majistare ba shi da hurumin sauraron laifin da hukuncinsa kisa ne, sai ya aika da shi gidan yari a jira shawarar lauyoyin gwamnati, daga nan a jira a shigar da ƙara a babbar kotu. Watanni su wuce, wani lokaci shekaru. Shaidu su gaji da kuɗin mota, ɗan sandan da ya yi bincike a canja masa wurin aiki, wanda aka yi wa fashin ya ce ya bar wa Allah. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi. A cikinsu akwai ɓarawon gaske da zai fita wata rana saboda babu shaida, akwai kuma wanda aka tsinta a kango aka haɗa da shi.

Mutanen majalisa suna ta cewa a tsananta hukunci. Hukuncin kuwa ya riga ya kai maƙura a takarda. Tun 1970 gwamnatin Gowon ta sa kisa a kan fashi da makami, aka riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a, dokar 1984 ta sake jaddada hakan, kuma har yau tana aiki. A 2000, zamanin Gwamna Attahiru Bafarawa, Sakkwato ta bi sahun Zamfara ta kafa dokokin laifuka na shari'ar Musulunci, inda haddin fashi ya kai ga kisa idan an yi asarar rai, kamar yadda aya ta 33 ta Suratul Ma'ida ta tanada. An ma taɓa zartarwa a Arewa: Sani Yakubu Rodi, wanda kotun shari'a a Katsina ta samu da laifin shiga gida ya kashe mace da 'ya'yanta biyu, an rataye shi a gidan yarin Kaduna ranar 3 ga Janairun 2002. Yau fiye da mutum 3,000 ke jiran kisa a gidajen yarin ƙasar, gwamnoni ba sa sa hannu, rabon da a zartar tun 2016 a jihar Edo.

Na tambayi dattijon, na kuma tambayi majalisa da daddare: wa aka yanke wa hukunci kan mutum 43 da aka kashe a kasuwar Goronyo a Oktoban 2021? Wa aka hukunta kan matafiyan da aka ƙona cikin mota a ƙasar Sabon Birni a Disambar shekarar? Wa ya tsaya gaban alƙali kan Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, wanda ya rasu a hannun masu garkuwa a Agustan 2024 bayan duniya ta ga bidiyonsa yana roƙon a cece shi? Babu wanda ya iya ambatar suna ɗaya. Sunan da kowa ke tunawa shi ne na Buba Jangebe, wanda aka yanke wa hannu a Zamfara a 2000 kan saniya. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai. Inda mutane ba su ga an hukunta wanda ya cuce su ba, haushinsu kan sauka kan wanda hannunsu zai iya kaiwa, kuma babu mai sauƙin kamu kamar baƙon da ba shi da dangi a gari.

Ranar Lahadi na shiga mota a Tashar Illela, muka bi ta Kware da Gwadabawa. Tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Kasuwar Illela na ci, raƙuma da shanu da tumaki daga Nijar, gero da masara da kayan masarufi daga nan, 'yan canji riƙe da naira a hannu ɗaya, sefa a ɗayan. Birnin Ƙonni na can gaba kaɗan. Mai shayin da na zauna wurinsa ya ce mahaifiyarsa 'yar Ƙonni ce, ƙanwarsa na aure a Madawa, gonarsu kuma babur ke kai shi cikin mintuna, ba ya bi ta ƙofar kwastan. An rufe wannan iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Kashe-kashen Sabon Birni na Mayun 2020, inda aka rasa mutum fiye da 70, ana cikin rufewar farko aka yi su. Rufe ƙofa ya tsayar da tirela da ɗan kasuwa mai takarda, mai bindiga kuwa dama ta daji yake bi.

Akwai abin da masu cewa a kori baƙi ba sa sawa a lissafi. Tun 2019 dubun-dubatar mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, ƙauyukan Gidan Runji suka karɓe su, suka raba rijiya da rumbu da su. Fuskokin da ɗan kabu-kabu bai sani ba a kangwayen birni kuma, da yawansu na tsaya na gaisa da su a shataletale da bakin masallatai: mata ne da yara daga Isa, Sabon Birni, Raba da Goronyo, 'yan jihar nan, waɗanda aka ƙona wa rumbuna ko aka ɗora wa ƙauyensu harajin da ya fi ƙarfinsu.

Kafin in bar gari na ziyarci Hubbaren Shehu. Masu ziyara cike da zaure, cikinsu har da Zabarmawa da Adarawa da suka tsallako iyaka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa a Maratta aka haife shi a 1754, garin da ke cikin Jamhuriyar Nijar a yau, kusa da Galmi. Gobirawan Sabon Birni 'yan'uwan na Tsibiri ta Nijar ne. Layin da ya raba su Ingila da Faransa ne suka shata shi a yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906.

Korar baƙi ma mun taɓa gwadawa, a hannun ɗan jihar nan. A Janairun 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ba duk wanda ba shi da takarda mako biyu ya bar ƙasar, bayan tarzomar Maitatsine da faɗuwar kuɗin mai, kuma masu ba da tarihin abin kan ambaci wani fashi da aka yi a gidan mataimakinsa Alex Ekwueme. Kimanin mutum miliyan biyu suka fita, wajen rabinsu 'yan Ghana, ƙasar da ita ma ta kori namu a 1969. Fashi bai tafi da su ba. Shekaru uku bayan haka Lawrence Anini, haifaffen ƙasar nan, ya addabi birnin Benin, kuma cikin waɗanda aka harbe a shari'arsa har da babban jami'in ɗan sanda da ke ba su makamai.

Na baro kawu yana jiran a kira shi ba da shaida, ya sa an ƙara wa katanga bulo, ya mayar da Buzun bakin aikinsa. 'Yan ga-ruwan ba su dawo ba, matan layin na sayen jarka da tsada daga nesa.

Kirana ga Gwamna Ahmed Aliyu da masu riƙe da harkar shari'a a jihar shi ne a ware alƙalan da za su zauna kan fashi da garkuwa da mutane a cikin Sakkwato, a sa wa'adin da fayil zai yi kafin ya isa babbar kotu, a ba shaidu kariya da kuɗin mota, a kuma riƙa sanar da kowane hukunci a rediyo da Hausa, da sunan mai laifi da garinsu, ko ɗan unguwar Mabera ne ko ɗan Ƙonni. Masu unguwanni su rubuta duk wanda ke kwana a kango, baƙo da ɗan gari. Dakarun tsaron al'umma da aka ƙaddamar a 2024 kuma, duk wanda suka kama su miƙa shi gaban alƙali.