Wasiƙar Da Kawu Ya Soke Mana Da Jan Biro

 Tunda layi ya zo kanmu a wannan makon, bari mu ba ku labarin wani rubutu da muka yi a gida, wanda ba a buga shi a ko'ina ba, amma ya fi duk abin da muka taɓa rubutawa ba mu wuya. Sai da muka nemi izinin mai labarin kafin mu kawo shi. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada suna ya fito, nasa ko na wani ofishi.

Yayanmu soja ne, mai muƙamin Manjo. Mu biyu ne ƙannensa da muka rage a gida nan Sakkwato, kuma mu ake yi wa kirari da marubutan gida: ɗayanmu na koyar da Turanci a wata makarantar sakandare, ɗayan kuma na sakin labarin soyayya kashi-kashi a WhatsApp. Duk wata takarda ta dangi, daga katin biki har wasiƙar neman aiki, hannunmu take biyowa.

A ƙarshen wata shekara, sanyin hunturu ya fara shigowa, aka fitar da sunayen waɗanda suka samu ƙarin girma zuwa Laftanar Kanar. Abokan kwas ɗin Yaya suka fito reras. Shi babu. Inna ta riga ta yi maganar masar da za a soya ranar walima, har ta aika wa ƙawayenta na Runjin Sambo. Da ya kira ta ya faɗa mata, cewa kawai ta yi, "Allah ya sa haka shi ya fi alheri." Ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai da aka kira la'asar.

Mu mutanen Sakkwato kaki ba baƙonmu ba ne. Ga Barikin Giginya, ga hedikwatar Runduna ta 8, ga shi Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar kansa ya shiga makarantar horar da hafsoshi ta NDA a 1975, ya yi ta hawa har Birgediya Janar kafin ya hau gadon sarauta a 2006. Duk da haka mu da ke waje ba mu san yadda tsanin yake ba sai da abin ya zo gidanmu. (Yaya dai ba a Sakkwato yake aiki ba, kada wani ya ɗora wa maƙwabtanmu laifi.) A zatonmu tsakanin Manjo da Laftanar Kanar anini ɗaya ne da ake liƙawa kusa da mikiyar kafaɗa. Ashe hafsa ba ya zama a muƙami ɗaya sai ranar da ya ga dama. Akwai adadin lokutan da ake gabatar da shi gaban kwamitin ƙarin girma, akwai kuma iyakar shekarun haihuwa ga kowane muƙami. In damar ta ƙare bai haye ba, ritaya ce, ko da ƙarfinsa na nan. Wannan tsallakewar da aka yi wa Yaya ta ci ɗaya daga cikin 'yan damarmakin da yake da su. Ban da haka, wanda suka kwana ɗaki ɗaya da shi a makaranta, yanzu shi zai riƙa ƙame masa.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne kwamitin fayil yake dubawa. Rahoton da shugabanninka ke rubutawa a kanka duk shekara, kwasa-kwasan da ka halarta, jarrabawar da ka ci, horon da aka taɓa yi maka in akwai. Daren da ka kwana a rami ana ruwan harsashi, in bai shiga takarda ba, to a wurinsu ba a yi shi ba.

Wani na gaba da shi ne ya ba shi shawara ya bi hanya ya duba bayanansa. Da ya duba sai ga abu biyu. Na farko, wani kwas da ya yi ya kuma ci, babu shi a jerin. Da aka bi sawu aka gane cewa wajen shigar da sakamakon an juya lambobi biyu na lambarsa ta aiki, ta gaba ta koma baya, sakamakon ya tafi wani wuri daban. Na biyu, rahoton shekara guda cur ba ya ciki, kuma shekarar ita ce wadda ya yi a fagen daga a Arewa maso Gabas. Babu maƙiyi, babu asiri, duk da wata gwaggonmu har yau ba ta yarda ba. Wani ne a wani ofishi yatsansa ya zame.

Ya zo hutu na 'yan kwanaki, ya ce zai rubuta takardar koke, mu taya shi tsarawa. Mu kuwa abin nema ya samu. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan isha, muka kunna kwamfuta, muka zuba basira. Shafi huɗu muka cika da Turanci mai nauyi. Mun buɗe da kirarin shugabanni, muka gangaro kan ƙuruciyarsa, yadda Baba ya rasu ya bar shi da ɗawainiyarmu, yadda aka haifi 'yarsa ta biyu yana daji bai gan ta ba sai da ta fara zama. Akwai wani sakin layi kan hawayen uwa da muka karanta wa juna sau uku don daɗi. A can shafi na uku, tsakanin hawaye da kishin ƙasa, muka ambaci maganar lambobin a layi biyu.

Yaya ya karanta, ya yi shiru, ya ce mu kai wa Kawu ya gani.

Kawu ƙanen Inna ne, tsohon soja, ya yi shekaru yana aikin akawu a cikin kaki kafin ya yi ritaya ya zauna a Mabera. Muka same shi a zaure yana sauraron rediyo. Ya sa tabarau, ya ɗauko jan biro daga aljihun gaba, ya fara ja. Shafin farko ya tafi baki ɗaya. Na biyu haka. Da ya zo kan layi biyun nan ya kewaye su, ya ɗago kai.

"Ɗiyana, mi kunka rubuta nan? Wanga ba koke ba na. Wa ka zama shi karanta shafi huɗu? Mutumin da za a kai ma takardar ga, hamsin irinta na gabanai."

Muka ce, "Kawu, ai so muke ta taɓa zuciya."

Ya ce, "Zuciya ba ta sa hannu ga fayil. Abu huɗu za ku hwaɗi. Mi anka rubuta. Mi ya kamata a rubuta. Ina shaida. Mi kaka so a yi maka. In kun gama ku aje biro."

Gaskiya ranmu ya sosu. Mu da ake yi wa tafi, ga tsoho ya mayar da mu 'yan aji ɗaya. Amma da muka koma gida muka sake karantawa da idon wanda bai san Yaya ba, sai muka ga ko a ina ba mu faɗi sunan kwas ɗin ba, ba mu faɗi ranar da ya fara da ranar da ya gama ba, kuma, abin kunya, ba mu faɗi abin da yake roƙo a yi masa ba. Mun ce a yi masa adalci. Wane akawu ne zai iya shigar da adalci cikin fayil?

Kawu ne kuma ya tambaye mu kwanan watan da sunayen suka fito, ya shiga lissafi da yatsu. A nan muka fara jin labarin sashe na 178 na Dokar Sojojin Nijeriya, wadda ke babi na A20 a kundin dokokin tarayya na 2004. Sashen ya ba hafsan da ke ganin an zalunce shi damar kai kuka ga kwamandansa, in bai gamsu ba ya ɗaga zuwa Majalisar Rundunonin Soja ta ƙasa. Sai dai koken farko dole ya shiga cikin wata uku da faruwar abin. Kuma sai ya ƙure waɗannan hanyoyi na cikin gida kafin ya nufi wani wuri, har da kotu. Mu muna can muna gyaran salon magana, ashe kusan rabin wa'adin ya tafi.

A tsakanin nan shawarwari suka yi ta zuwa. Wasu suka ce a je a ga wani babba ya ɗaga waya. Mu kanmu, kada mu ɓoye, mun so mu rubuta abin a Facebook da zafinsa, mun san zai zagaya. Yaya ya hana. Ya ce mai kaki ba ya kai ƙarar gidansu kasuwa, yin haka laifi ne da zai shiga fayil ɗin da ake ƙoƙarin wankewa, kuma wannan karon ba bisa kuskure ba. Game da babban mutum kuwa, cewa ya yi in an ɗaga shi da waya, lambobin na nan a juye, za su jira shi a muƙami na gaba.

Mun tambaye shi kotu fa? Sai ya tuna mana da hafsoshi 38 da aka yi wa ritayar dole a watan Yunin 2016. Nasu ya fi nasa girma nesa ba kusa ba, tunda su aikin ne gaba ɗaya ya tafi. Ƙa'idojin aiki sun ba su kwana 30 su ɗaukaka kuka ga Shugaban Ƙasa ta hannun Babban Hafsan Tsaro, da yawansu kuma sun yi. Wasu suka wuce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Kanar Danladi Hassan ya yi nasara a can a 2019, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar masa a 2021. Yaya ya ce mu ƙirga da kanmu, daga 2016 zuwa 2021. Mai gaskiya ma sai da ya shekara biyar yana hawa matakalar kotu. Manjon da ke tseren shekarun haihuwa ba shi da biyar ɗin da zai bayar.

Daga baya mun karanta yadda Amurka ke yi, don mu ga ko haka abin yake ko'ina. Tun 1946 dokarsu ta buɗe hanyar kafa hukumomin gyara bayanan soja, fararen hula ne ke zama a ciki, kuma mutum na da shekara uku daga ranar da ya gano kuskuren. In kuskuren ya shafi ƙarin girma, ana iya kafa kwamiti na musamman ya sake duba fayil ɗin kamar yadda ya kamata ya kasance tun farko, in ya haye a mayar masa da matsayinsa na baya. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne wurin da suke fara ƙirga wa'adi, wato ranar da ka gano. Kuskuren takarda ba ya sallama in zai shigo. Na Yaya ya shekara uku yana kwance kafin kowa ya san da shi.

Muka koma kan tabarma. Wannan karon aikin bai yi kama da rubutu ba, ya fi kama da tonon rijiya. Ana buƙatar takardar shaidar kwas ɗin, da saƙon da aka tura shi kwas ɗin da shi, da wanda ya kai shi fagen daga, da sunan muƙamin wanda ya kamata ya rubuta masa rahoton shekarar. Yaya ba mai ajiya ba ne. Wadda ta cece mu matarsa ce. Anti ta jawo wani tsohon akwati cikin na lefenta, ta buɗe, sai ga kwafin kusan kowace takarda da ya taɓa shigowa da ita gida, a cikin leda, an jera su shekara-shekara. Da ma yakan yi mata tsiya cewa tana tara wa gara abinci. Ranar bai ce komai ba.

Takardar ƙarshe shafi ɗaya da rabi ce. Sakin layi shida, kowanne da lambarsa. Na farko ya ce ga ni, ga muƙamina, ga lambata. Na biyu ya ce a rana kaza aka fitar da sunaye ban fito ba. Na uku da na huɗu suka ɗauki kurakuran ɗaya bayan ɗaya, kowanne da abin da ke rubuce, da abin da yake daidai, da takardar da aka liƙa a baya don shaida. Na biyar ya nuna cewa waɗannan abubuwa biyu suna cikin abin da kwamiti ke dubawa. Na shida ya roƙi abu uku: a gyara bayanan, a sake duba shi, kada kuma a ƙirga wannan zagayen cikin damarsa. Babu kalmar zalunci ko ɗaya. Mun yi gardama a kan wannan, domin mu a ganinmu zalunci ne. Kawu ya ce wanda ka kira azzalumi a layin farko, kare kansa zai tsaya yi, ba gyara ba, kuma wataƙila takardar ta bi ta teburin mai yatsan da ya zame.

Wani abu da ba mu zata ba, da muka karanta wa Inna fassarar wannan busasshiyar takarda, a sakin layi na huɗu ta fara share ido, wurin da aka ce daga wata kaza zuwa wata kaza yana wuri kaza, kuma babu rahoton wannan shekara a fayil. Ita ta san shekarar. Ita ce shekarar da ba ta yin barci sai ta ji ƙarar saƙo a waya. Sakin layinmu na hawayen uwa, da muka karanta mata a baya, cewa ta yi Turancin ya yi daɗi.

Yaya ya sa hannu ya miƙa ta hannun kwamandansa, saura kwana goma sha ɗaya wa'adi ya cika. Aka shiga jira. Zafin Sakkwato ya zo ya wuce, damina ta sauka. Sannan amsa ta zo, ita ma gajera: an shigar da kwas ɗin, an nemo rahoton, za a gabatar da shi a zama na gaba. A kan roƙo na uku ba a ce komai ba, kuma Kawu ya ce a bar shi haka tukuna.

Yanzu da muke wannan rubutu zaman bai zo ba. Yaya na nan da mikiyarsa ita kaɗai, yana ƙame wa abokansa. Anti ta sayi sabuwar leda ta saka amsar a ciki. Shafi huɗun nan da jan biron Kawu suna cikin durowarmu, ɗayanmu na cewa zai ciro sakin layin hawayen ya sa a labarinsa na WhatsApp, ɗayan na cewa a bar shi inda yake. Inna kuwa ta hana a sake yi mata maganar masa sai ta ga suna da idonta.