Mun Hau Da Kambas, Mun Sauko Ba Takalmi

Mu huɗu ne a gidanmu, kuma dukkanmu a cikin birnin Kano aka haife mu. Kafin wannan tafiya, dutse mafi tsayi da muka taɓa hawa shi ne Dala, wanda aka yi wa matakala ta siminti. Don haka da Baba ya ce a ƙarshen dogon hutu zai kai mu Riruwai mu ga inda Kakanmu ya yi aikin haƙar kuza, sai muka ɗauka yawon shan iska ne kawai. Har sabon kambas muka saya a Kasuwar Wambai, saboda hoto.

Mun tashi ranar Juma'a bayan sallar asuba. Muka bi titin Zariya, muka ratsa ƙasar Bebeji, muka karya a Kwanar Ɗangora ta Ƙiru, muka nufi Tudun Wada. Baba bai yarda an tsaya ko sayen rake ba, domin so yake mu ƙetare dajin Falgore da hantsi. Dajin ya yi suna da ɓarayin shanu a shekarun baya, har a 2017 sojoji suka mai da wani sashensa filin atisaye. Umma ta yi ta jan carbi, mu kuma muna leƙen birai a bakin hanya. A nan Baba ya nuna mana Kogin Kano, ya ce wannan ruwan ne ke taruwa a madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo, daga can ya gangara gonakin shinkafa na Kadawa da Kura. Mun karanta haka a darasin labarin ƙasa, amma ba mu taɓa haɗa shi da tuwon da muke ci ba.

Muna shiga ƙasar Doguwa komai ya canza. Duwatsu ta kowane gefe, masara ta fi mutum tsayi, ga sanyi kamar ba a Jihar Kano muke ba. Mun so mu kafa tanti a gindin dutse yadda muke gani a fim, amma Kawu, wanda muka sauka wurinsa, ya ce baƙo ba ya kwana a daji a garin da yake da 'yan uwa. Aka daidaita: muka ɗaura tampol a bayan gida, bakin gonarsa, muka rataya gidan sauro, aka hura wuta aka gasa masara. Wajen ƙarfe uku na dare biyu daga cikinmu suka sulale ɗaki saboda sanyi. Ba za mu faɗi su waye ba.

Da safe Kawu ya haɗa mu da ɗansa, yaro ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, siriri, sanye da silifa wadda aka ɗaure da waya. Mun kalli silifar, mun kalli juna. Ya kai mu wajen tsofaffin ramukan ma'adinai tukuna. Tun zamanin Turawa ake haƙar kuza a Riruwai, kuma har yau akwai masu tonon da hannu. Baba ya daɗe a tsaye bakin wani rami da ruwa ya cika, bai ce komai ba. Daga baya ya ce da kuɗin wannan aikin aka saya masa littafinsa na farko. Gwiwarsa ba ta bar shi ya hau dutse ba, sai ya zauna a inuwa shi da Umma, ya ce mu je amma mu bi maganar yaron.

Hawan ya yi daɗi, gaskiya. Falalen dutse ne mai kaushi, ƙafa na kamawa, wani wurin kuma sai an sa hannu. Bayan kamar sa'a ɗaya muka iso wani ɗan fili, yaron ya dubi gabas ya ce, "Yaya, mu tsaya nan, hadari na haɗowa." Mu kuwa ƙololuwa muke hange, ga ta nan kamar a miƙa hannu. Muka ce masa minti goma kawai. A ranmu kuma cewa muke, mu 'yan jami'a da 'yan babbar sakandare, ɗan aji biyu ne zai ba mu umarni? Ya yi shiru ya biyo mu.

Mun kai sama, mun yi hoto uku, sai ruwa ya sauko. Bai fi minti ashirin ana yi ba, amma dutsen da muka taka da ƙarfin gwiwa ya koma kamar an zuba masa miyar kuɓewa. Gansakukar da ba mu lura da ita ba ta jiƙe. Autarmu, 'yar shekara 12, ta ɗaga ƙafa sau ɗaya, kambas ya zame, ta zauna daɓas ta gangara kamar taku biyar kafin wani tushen itace ya tare ta. Ƙasa da tushen nan babu komai sai gangare mai nisa. Ba ta yi kuka ba, ta dai ƙanƙame itacen ta ƙi motsi. Mu manyan muka tsaya cirko-cirko. Waya ba sabis. A lokacin ne muka tuna cewa mu muka ce minti goma.

Yaron nan bai yi mana gori ba. Ya cire silifarsa ya soke a ƙugu, ya ce kowa ya cire takalmi, tafin ƙafa ya fi roba jin dutse. Ya ce kada wanda ya miƙe tsaye, a zauna a riƙa ja da hannu da diddige, a bi tsagar dutse inda ciyawa ta fito, a guji wurin da ya yi baƙi domin nan ruwa ke bi. Shi ya sauka gaban Auta ya sa kafaɗarsa ta zama matakinta, yana ta yi mata hirar wata akuyarsu mai satar dusa har ta saki itacen. Abin da muka hau a sa'a ɗaya da rabi, sai da muka yi kusan sa'a uku muna saukowa, wanduna duk sun yage.

Mun tarar da Baba ya baro inuwa, ya hau har inda gwiwarsa ta ƙi, yana tsaye cikin jiƙaƙƙiyar riga. Ya ƙirga mu da ido. Sannan ya tambayi wa ya ce a wuce inda aka tsaya. Yaron ya buɗe baki zai rufa mana asiri, muka riga shi, muka ce mu ne. Baba bai yi faɗa ba, wanda mun fi so a ce ya yi. Ya ɗauki Auta a baya, da ciwon gwiwar tasa, har gida.

Ranar Lahadi da za mu taho, muka miƙa wa yaron kambas ɗaya daga cikin namu. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya ce zai riƙa zuwa makaranta da shi. Da muka tambaye shi dutse fa, sai ya dubi silifarsa ya yi dariya.