Basari Ba Sikolashif Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in yi magana da 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta bisa wata kalmar Turanci guda ɗaya wadda ta ba ni kunya bara. Ni dai akawu ne, a makarantar Mishan na yi karatu, shekarata goma sha ɗaya ke nan ina aikin ofis, har ina tsammani babu takardar Turancin da za ta gagare ni. Ashe ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, manomi, wanda ɗansa ya nemi shiga wata jami'a a Ingila. Da amsa ta zo yaron ya karanta masa, amma tsohon ya ce ba ya sakankancewa sai akawu ya gani. Ya same ni da magariba ya ce, "Malam, duba mini, me ta ce?" Na duba, na ga an karɓi yaro, kuma an ba shi abin da suka rubuta bursary, fam 2,000. Ban ko juya takardar ba sai na ce, "Baba, ai sai godiya, Turawa sun ɗauki nauyin yaro. Wannan fam dubu biyu kuwa na kashewa ne." Tsoho ya sa mini albarka ya tashi. Kafin wata ya ƙare ya sayar da bijimansa biyu na huɗa, aka yi fasfo, aka biya jarrabawar Turanci, aka aika wa makarantar kafin alƙalami.

Sai da aka zo neman biza asiri ya tonu. Dokar Ingila ita ce ɗalibin waje ya nuna yana da kuɗin makaranta na shekarar fari da na zaman gari, kuma kuɗin nan su kwana 28 a jere cikin banki. Sa'an nan ne muka koma ga shafi na biyu, muka ga fam 2,000 ɗin nan ragi ne kawai daga cikin kuɗin makaranta, alhali kuwa kuɗin shekara ɗaya ya ninka shi wajen sau takwas. Ko gonar tsohon duka aka sayar ba ta cike wannan rami.

To, tun daga ran nan na shiga bin diddigin kalmar, ga kuwa abin da na samu.

Asalinta daga Latin ne, bursa, watau jakar fata ta zuba kuɗi, su kuma daga Girkawa suka aro ta, inda take nufin fatar dabba. Mai riƙon jakar nan shi ake kira bursar, watau ma'aji, don haka ne in ka shiga jami'o'inmu za ka ga an rubuta wannan kalma a ƙofar ofishin kuɗi, inda ɗalibi ke zuwa ya biya, ba ya karɓa ba. Faransawa suna cewa bourse, ita ce 'yan'uwanmu na Nijar suka sani. Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba, gama mu ma da kalmar jaka muke kiran kuɗi: zamanin fam, jaka guda fam ɗari ce, da naira ta zo a 1973 ta zama naira 200.

A bakin mutanen Ingila basari gudummawa ce da ake ba ɗalibi don an duba an ga hannun iyayensa bai kai ba. Ba a biya daga baya, wannan shi ne kyawunta. Amma fa ba kasafai take ɗauke kaya duka ba, sau da yawa tayin ɗauka ne kurum, kuma da yawa daga cikinta 'yan ƙasa kaɗai ake ba. Sikolashif kuwa ladan ƙwazo ne, ana duban abin da yaro ya ci a jarrabawa, ko ɗan sarki ne ko ɗan talaka. Shi ma akwai cikakke akwai rabi. Cikakke shi ne irin na Rhodes, wanda aka kafa bisa wasiyyar Cecil Rhodes da ya mutu a 1902, mai kai mutum Oxford, ko na Commonwealth da aka shirya a 1959, ko Chevening na gwamnatin Ingila tun 1983. Irin waɗannan ne na ji labari tun ina makaranta, su ne kuwa suka rufe mini ido. Kada kuma a ce iyakar nan ba ta motsi, don wasu makarantu suna musanya sunayen yadda suka ga dama, kamar dai yadda ta yaron nan ta kira ragi basari.

Akwai na uku, shi ne rance, shi ne kuma ya fi ba ni tsoro. Dokar ilmi ta 1962 ta wajabta wa hukumomin Ingila su biya wa ɗalibin jami'a kuɗin makaranta su kuma ba shi na abinci kyauta. A 1998 aka fara karɓar kuɗin makaranta fam 1,000 a shekara, a 2012 ya kai fam 9,000, a 2016 kuwa aka soke kyautar abincin ga sababbin ɗalibai aka mai da ita rance. Mu ma a nan an sa hannu a dokar rancen ɗalibai a 2023, aka sake ta a 2024. Ban ce rance mugun abu ne ba, amma wanda ya ci bashi ya kamata ya san bashi ya ci.

Abin da ke damuna shi ne, mu masu juya Turanci zuwa Hausa mun tara ukun nan a kwando guda muna ce musu tallafin karatu. Uba ya ji tallafi a rediyo, ina zai san ko kyauta ce, ko ragi, ko abin da za a bi ɗansa bayan ya kama aiki? A ganina sai mu riƙa kiran basari gudummawar karatu, sikolashif kyautar ƙwazo, mu ƙara da faɗin cikakkiya ce ko rabi, rance kuwa mu bar shi da sunansa. In wani malami yana da waɗanda suka fi waɗannan daɗi, don Allah ya rubuto mu ƙaru.

Yaron dai yanzu yana wata jami'a a nan gida, ya kuma cika takardar basarin da jiharmu ke ba 'ya'yanta, yana jira. Kafin alƙalamin nan rabi kaɗai aka mayar. Daminar bana da shanun haya tsohon ya yi huɗa, ni na biya rabin kuɗin, bayan ya ƙi har sau biyu. Bai taɓa yi mini gori ba, kuma bai daina kawo mini takardunsa ba, sai dai duk sa'ad da ya miƙo mini yakan ce, "Malam, a karanta har bayanta."

Haza wassalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.